Labarin da Ya Jawo wa Mai Shi Jifa: Tarihin "The Lottery"

Ranar 26 ga Yunin 1948 mujallar The New Yorker ta Amurka ta buga wani gajeren labari mai suna "The Lottery", wato ƙuri'a, wanda wata matar aure 'yar shekara 31, Shirley Jackson, ta rubuta. Labarin bai kai kalma dubu huɗu ba, mutum zai karance shi kafin a sauke shayin farko. Amma wasiƙun da suka biyo bayansa sun zarce na duk wani ƙagaggen labari da mujallar ta taɓa bugawa kafin lokacin, kuma mafi yawansu na fushi ne. Ni a fassarar Faransanci na fara gamuwa da shi, daga baya na nemi na Turancin. Tun daga nan nake bibiyar yadda aka karɓe shi, domin a ganina abin da masu karatu suka yi wa labarin shi ne rabinsa na biyu.

Ga wanda bai karanta ba, ga yadda yake. Da hantsin ranar 27 ga Yuni mutanen wani ƙauye da ba a faɗi sunansa ba, su wajen 300, suka hallara a dandali. Yara maza suna tara duwatsu, maza suna hirar shuka da haraji, mata suna gaisawa. Aka kawo wani tsohon baƙin akwati, kowane magidanci ya zari takarda. Ƙuri'a ta faɗa kan gidan Hutchinson. Aka sake zara tsakanin mutanen gidan, sai takarda mai baƙin ɗigo ta faɗo a hannun uwargida, Tessie. Sai a nan mai karatu yake gane amfanin duwatsun. Maƙwabta da ƙawaye suka jefe ta, har ɗanta ƙarami aka danƙa masa tsakuwa. Babu wanda ya san mafarin al'adar. Dattijon garin, wanda wannan ne karo na 77 da ya shiga ƙuri'ar, abin da ya riƙe kawai shi ne haka aka gada, kuma da ita amfanin gona yake kyau.

Jackson ta ba da tarihin rubutun a wata lacca da aka buga bayan rasuwarta a 1968, cikin littafin "Come Along with Me". Ta ce tunanin ya zo mata ne tana tura 'yarta a keken jarirai, tana hawo tudu da kayan cefane a garin North Bennington na jihar Vermont. Da isarta gida ta zauna ta rubuta shi a zama ɗaya, kusan ba gyara, bayan mako uku kuma ya fito. Labari ne mai daɗin ji, sai dai Ruth Franklin, wadda ta fitar da tarihin rayuwarta a 2016, ta bi takardun da aka ajiye ta gano cewa labarin ya isa mujallar tun watanni kafin Yuni. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mai ƙaga labari ko nasa tarihin zai bayar sai ya sa masa gishiri.

A ofishin mujallar ma an ɗan yi jim. Harold Ross, wanda ya kafa ta kuma yake babban editanta, bai tabbata ya fahimci labarin ba, ya sa aka tambayi Jackson ko za ta yi ƙarin bayani. Ta ƙi. Gyaran da ta ce an nema guda ɗaya ne: a daidaita ranar da ke cikin labarin da lokacin fitowar mujallar. Ƙaramin abu ne a ido, amma ku duba abin da ya haifar. Mai karatu yana riƙe da mujalla mai ɗauke da 26 ga Yuni, yana karanta kisan da za a yi ranar 27. Ƙari a kan haka, a wancan zamani mujallar ba ta rubuta wa mai karatu cewa wannan ƙage ne, wancan rahoto ne. Ga shi kuma an rubuta labarin da murya a kwance, kamar ana ba da rahoton taron kasuwa.

Daga nan wasiƙu suka fara kwarara. Wasu suka janye kuɗin da suke biyan mujallar. Jackson ta ce a watannin da suka biyo baya an turo mata sama da wasiƙa 300, kuma 13 ne kacal masu daɗin baki, yawancinsu ma daga abokai. Mahaifiyarta ita ma ta rubuto cewa ita da baban Shirley ba su ji daɗin labarin ba, tana tambayar me ya hana ta rubuta abin da zai faranta wa mutane rai. Jackson ta kasa wasiƙun gida uku: na ruɗani, na hasashe, da na zagi tsagwaronsa. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai wasu ne daban. Akwai mutanen da suka ɗauka da gaske ake yi, suka rubuto suna neman a faɗa musu garin da ake wannan ƙuri'a, da ko za a bar su su je kallo.

Da matsin ya yi yawa, a watan Yulin 1948 ta ba jaridar San Francisco Chronicle gajeriyar amsa. Ma'anarta ita ce ta ɗauko wata muguwar al'adar dā ta ajiye ta a wannan zamani, a irin ƙauyen da take zaune, don masu karatu su girgiza su ga zalunci marar dalili da ke cikin tasu rayuwar. A nan fushin ya samo asali. Shekara uku ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa suna kallon kisan gilla a matsayin aikin 'yan Nazi, can ƙetaren teku. Sai ga wata ta sa dutse a hannun manomi mai gaisuwa da fara'a, irin wanda suke alfahari da shi. Da labarin a wani tsibiri mai nisa ya faru, da ba wanda zai ɗaga alƙalami. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta shi, kuma mijinta, manazarcin adabi Stanley Edgar Hyman, ya rubuta cewa ta kasance tana alfahari da hakan, don a ganinta su dai sun gane abin da ake nufi.

Ba a daɗe ba iska ta juya. A 1949 labarin ya shiga kundin gwarazan gajerun labarai na O. Henry, a shekarar kuma ya ba da suna ga littafin tarin labaranta. Gidan rediyon NBC ya mayar da shi wasan kwaikwayo a 1951, aka yi masa gajeren fim don makarantu a 1969, jikanta Miles Hyman kuma ya fitar da shi a littafin zane a 2016. Manazarta suka yi masa caa. Helen Nebeker a 1974 ta bi sunaye da alamomin ciki ɗaya bayan ɗaya. Peter Kosenko a tsakiyar shekarun 1980 ya kalle shi ta fuskar mulki da dukiya, ya nuna cewa masu riƙe da akwatin su ne mai kamfanin gawayi da shugaban gidan waya, kuma maza ne ke zarar wa mata takarda. Wasu suka haɗa sunan Tessie da Anne Hutchinson, matar da aka kora daga Massachusetts a 1638 saboda saɓanin aƙida. Jackson ta rasu a 1965 tana da shekara 48, ana yawan kallonta a matsayin mai rubuta labaran ban tsoro kawai. Sai a 2010 aka shigar da ayyukanta cikin jerin Library of America, inda ake tara manyan marubutan ƙasar.

To, a nan nake da ja. Yau labarin yana cikin waɗanda aka fi koyarwa a makarantun sakandaren Amurka. Ana ba ɗalibi shi da amsa a shirye: bin al'ada ido rufe ba shi da kyau. Ya rubuta, ya ci jarrabawa, ya wuce. Ina ganin wanda ya zagi Jackson a 1948 ya fi wannan ɗalibi kusa da labarin, domin shi ya ji zafin dutsen. Abin da aka ƙi saboda ya taɓa mutane, yanzu kowace shekara ake fito da shi kamar baƙin akwatin nan, a yi abin da aka saba a mayar.

Ni ma ban tsira ba. Ina saurayi na taɓa ganin an yi wa wani yaro ihun ɓarawo a kasuwa. Kafin ka ce kwabo an rufe shi da duka, mafi yawan masu dukan ba su san abin da ya ɗauka ba. Ban ɗaga hannu ba, amma na kutsa gaba don in gani da kyau. Shekaru bayan nan, da na karanta batun masu neman a nuna musu garin su je kallo, na fara yi musu dariya, sai na tuna inda na tsaya a ranar.

Ga mu masu rubutu kuma akwai abin ɗauka. Mun saba a tambaye mu darasin labari, mu kuma mu yi saurin liƙa wa'azi a ƙarshe don kada a yi mana mummunar fahimta. Ross ya ba Jackson wannan dama tun kafin a buga, ta ƙi karɓa, ta sha zagi wata da watanni. Da ta ƙara sakin layi ɗaya na bayani, da ta huta, mahaifiyarta ma ta huta. Ina kuma kyautata zaton da yau ba wanda zai tuna da labarin, balle wani ya zauna a nan yana rubutu a kansa da Hausa bayan shekara saba'in da ɗoriya.