Robert Rendall na Tsibiran Orkney: Rayuwarsa da Takardun da Ya Bari

A arewacin ƙasar Sikotlan akwai tsibirai kimanin 70 da ake kira Orkney. Sun daɗe a hannun sarakunan Norway kafin a jinginar da su ga Sikotlan a 1468, shi ya sa har yau karin harshensu cike yake da kalmomin Norn, tsohon harshen mutanen wurin. A nan ne Robert Rendall ya yi rayuwarsa. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, waƙoƙinsa da bincikensa kan halittun teku tushensu ɗaya, wato haƙurin duban abu har a san shi, kuma takardunsa su ne shaida.

An haifi Rendall a Glasgow a 1898, iyayensa mutanen tsibirin Westray ne. Yana yaro aka koma da shi Kirkwall, babban garin Orkney. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 13, ya kama aiki a kantin yadi, sana'ar da ya riƙe shekaru masu yawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin sojan ruwa a Scapa Flow. Bai taɓa shiga jami'a ba. Abin da ya sani, da karatun kansa da yawon bakin teku ya same shi.

A 1929 yana zaune yana zane bisa wani tudu a Aikerness, sai ƙafar kujerarsa ta nutse cikin rami. Da ya kawar da duwatsu sai ya tarar da matakala. Tonon da aka yi daga baya ya fito da hasumiyar Gurness, ginin dutse na Zamanin Ƙarfe. Haka nan ya shafe shekaru yana bin gaɓar teku, musamman ta Birsay, in ruwa ya janye, yana tsintar katantanwa da makankari, yana rubuta sunan kowace da inda ya same ta. Wannan wahala ce ta haifi Mollusca Orcadensia, wanda Royal Society ta Edinburgh ta buga a 1956, sa'an nan Orkney Shore a 1960.

Ta fuskar waƙa kuwa, ya fitar da Country Sonnets a 1946, Orkney Variants a 1951, Shore Poems a 1957, da The Hidden Land a 1966. Ya yi rubutu da Ingilishi, amma waɗanda suka fi karɓuwa su ne na karin harshen Orkney, inda masunta da manoma suke magana da bakinsu. Mutum ne kuma mai riƙon addini, ɗan ɗariƙar Kirista ta Brethren, har ya wallafa History, Prophecy and God a 1954. Ya rasu a 1967.

To, ina amfanin takardunsa? Suna nan ajiye a ma'adanar tarihi ta Orkney da ke Kirkwall: wasiƙu, da waƙoƙi da rubutun hannunsa, da bayanan bincikensa. Littafi bugagge yakan nuna ƙarshen aiki ne kawai, amma takardun mutum su ke nuna yadda aka kai ga ƙarshen. Ban da haka, mai laburare yakan raba littattafan Rendall gida uku, na adabi, na kimiyya, na addini, har mai karatu ya zaci marubuta uku ne. A cikin takardun ne ake tarar da su a hannu ɗaya. Saboda an adana su, Neil Dickson ya iya fitar da An Island Shore a 1990, littafin da ya haɗa tarihin mutumin da zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa. Da magada sun ɗauke su a matsayin tarkacen mai kanti sun zubar, da littattafan sun saura, amma da an rasa hanyar sanin wanda ya rubuta su.