Bakatsinen Da Ya Sauka Gidan Shaihu Jabarti A Alƙahira

Ya ku 'yan makaranta, a cikinku akwai waɗanda wata rana za su ɗaure kayansu su tafi wata ƙasa neman ƙarin ilmi. Wanda duk ya tafi kuwa, kafin ya san hanyar makaranta sai ya fara sanin masauki. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani mutumin ƙasarmu da ya riga ku yin wannan tafiya, ya zauna a gidan Larabawan Masar har ajalinsa ya same shi a can. Sunansa Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, mutumin Katsina. Larabawa suna ce da shi Alkashinawi, watau Bakatsine.

Kada ku zaci shi ne ya buɗe hanyar. An kafa harsashin masallacin Azhar a Alƙahira cikin shekarar 970, aka gama shi a 972, daga baya ya zama matattarar masu neman ilmi daga kowace kusurwa. Tun wajen 1240 da 'yan kai mutanen Kanem suka ba wani alƙali, Ibn Rashiƙ, dukiya, ya gina musu makaranta a tsohon birnin Masar, inda mutanensu ke sauka suna karatun mazhabar Maliku. A cikin Azhar kanta kuma an keɓe wa kowace al'umma sashe, ana ce da shi ruwaƙi. Barebari suna da nasu. Ɗalibi ya sami wurin shimfiɗa tabarma, da rabon gurasa daga dukiyar waƙafi, ga 'yan'uwa masu jin harshensa. Amma fa wanda ya tsaya cikin ruwaƙi kaɗai, ƙafarsa ce ke Masar, kunnensa da bakinsa suna gida.

Shi Malam Muhammadu a Katsina ya tashi, zamanin da birnin ke cike da malamai da fatake, ba a daɗe ba da rasuwar Ɗan Masani, wanda ya cika a 1667. Cikin malaman da ya ɗauki karatu wurinsu akwai Shaihu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Bayan ya ƙoshi da abin da ke ƙasarmu sai ya nufi Gabas, ya sauke farali, ya yi zama a ƙasar Hijaz, sa'an nan ya gangaro Alƙahira. A lokacin nan Masar tana ƙarƙashin Turkawan Usmaniyya, waɗanda suka ci ta tun 1517.

Mai gidan da ya karɓe shi Shaihu Hasan Aljabarti ne, wanda aka haifa a 1698. Asalin kakanninsa daga Jabarti suke, wajen gaɓar ƙasar Habasha, amma zuriyarsu ta daɗe a Masar, kaka da kakanni, har sun zama 'yan gari, harshensu Larabci, al'adarsu ta Misirawa. Shaihu Hasan mawadaci ne, masanin fiƙihu da ilmin taurari da sha'anin awo da ma'auni. Gidansa kuwa ya yi suna wajen karɓar ɗalibai da ba da aron littattafai. Mai yiwuwa ne tunawa da cewa su ma baƙi ne a dā ita ta sa ƙofarsu ba ta rufuwa ga baƙo.

To, ku kwatanta a ranku irin abin da Bakatsine zai tarar a gida irin wannan. Na fari harshe. Larabcin da muke koya a littafi dabam yake da wanda ake yi a tsakar gida da kasuwar Alƙahira. Su harafin jimun kamar ga suke faɗinsa, raƙumi su ce gamal. Gurasa kuwa aish suke ce mata, watau rayuwa. Malamin da ya haddace nahawu yana iya tsayawa gaban yaro ɗan aike ya rasa abin da yake faɗi. Na biyu abinci. Wanda ya saba da tuwon dawa da fura sai ya koma ga gurasar alkama da dafaffen wake. Na uku kuwa ya fi sauran nauyi: Malam Muhammadu Bamalike ne, mai masaukinsa Bahanafe. A wurin salla ɗaya yana sakin hannu, ɗaya yana kamawa. Mun sha ganin inda abin da bai kai wannan ba ya raba maƙwabta. Su kuwa waɗannan bayin Allah biyu suka zauna ƙarƙashin rufi ɗaya har mutuwa ta raba, domin kowannensu ya yi karatun da ya isa ya san saɓanin malamai ba gaba ba ne.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne baƙon nan bai zo hannu rabbana ba. Gwani ne wajen lissafi, musamman ilmin da Larabawa ke kira aufaƙu, wanda mu muka sani da hatimi. Ga misalinsa don ku gwada a allonku. Ku ja gidaje tara, uku-uku. A layin sama ku sa 4, 9, 2. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina kuka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ku samu. Dalili kuwa, jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, in aka raba ta layi uku kowane ya sami 15. In gidaje 25 ne, kowane layi 65 zai ba da. Wajen 1732 Malam Muhammadu ya gama wani littafi, Bahjatul Afaƙ, a kan wannan fanni, ya kuma bayyana hanyoyin cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7. Ba za mu ɓoye muku ba, mutanen zamaninsa sun haɗa wannan ilmi da sha'anin asiri da taurari, shi ma ya yi rubutu a kan haka, malamai kuwa sun yi saɓani a kan halaccinsa. Amma lissafin da ke ciki lissafi ne sahihi, har yanzu masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Ya kuma wallafa littattafai a kan nahawu da manɗiƙi.

Sai ga shi mai gida ya zama almajirin baƙonsa. Shaihu Hasan, duk da girmansa a Azhar, ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki ilmin aufaƙu. Shi ya ba da ɗaki da akushi, aka biya shi da abin da ba a saye a kasuwa.

Cikin shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, Malam Muhammadu ya rasu a gidan nan. Kafin ya cika ya naɗa Shaihu Hasan wasiyyinsa a kan abin da ya bari da littattafansa. Ku dubi wannan amana! Mutum ya yi nisa da dangi, babu ɗan'uwa kusa, bai ga wanda ya fi cancanta ya riƙe abin da ya fi so a duniya ba sai mai masaukinsa. Shaihu Hasan kuwa ya cika alkawari. Ya binne shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Mujawirin, ya yi gini a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Labarin bai ƙare nan ba. Bayan shekara goma sha biyu ko sha uku aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Yaron nan bai taɓa ganin Bakatsinen ba, a gidansu ya ji labarinsa. Shi ne ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigowar sojan Faransa a 1798 ya rubuta abin da ya faru, ya rasu a 1825. A cikin littafinsa, Aja'ibul Asar, ya ba Malam Muhammadu wuri tare da manyan malaman Masar, ya lissafa malamansa da littattafansa, ya yabi ilminsa. Yawancin abin da muka sani game da ƙarshen rayuwar mutumin nan daga wannan littafi ya fito. Ashe gidan da ya ciyar da shi yana raye shi ne ya tsare mana sunansa bayan ya mutu.

Wannan abin kunya ne gare mu ta wani gefe, domin a cikin ɗalibanmu ƙalilan ne suka taɓa jin sunansa, alhali Misirawa sun rubuta shi tun tuni. Ta wani gefe kuwa abin koyi ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓa ma takan bar danshi a inda ta kwana. In Allah ya kai ɗayanku gidan wasu mutane, ya sani ba shi kaɗai ake kallo ba, da shi za a auna duk mutanen ƙasarsa. Ya ci abin da aka ba shi da godiya, ya yi haƙuri ya koyi maganar yaran gida ko da za su yi masa dariya, kada ya mai da bambancin al'ada abin gardama. Ya kuma tambayi kansa tun yana ajin nan da yake zaune: in na je, me zan kai musu? Allah ya jiƙan Malam Muhammadu da mai masaukinsa, amin.