Ciwon Da Ya Ƙi Tafiya Bayan Miki Ya Warke

Tun a tsakiyar ƙarni na 16 wani likitan fiɗa na sojan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta cewa akwai mutanen da aka guntule wa ƙafa, amma bayan watanni suna nan suna kukan ciwo a ƙafar da babu ita. Masana ba su ba maganar muhimmanci ba. Abin da ya kafu a zukatansu daga baya shi ne misalin René Descartes, cikin littafinsa da aka buga a 1664, watau jijiya kamar igiya ce wadda ta taso daga fata ta nufi ƙwaƙwalwa. In wuta ta taɓa ƙafa sai igiyar ta jawu, ƙararrawa ta kaɗa a ka. Shi kansa Descartes ya san labarin masu dungu, amma igiyar kaɗai likitoci suka riƙe. Bisa ga wannan, ciwo gwargwadon rauni yake, kuma in miki ya warke magana ta ƙare. Wanda ya ci gaba da kuka kuwa, sau da yawa akan zarge shi da ƙarya ko taɓin hankali.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, shi ya fara girgiza wannan ra'ayi. A birnin Filadelfiya an keɓe asibitin Turner's Lane domin sojojin da harsashi ya yi wa lahani a jijiya, kuma a can Silas Weir Mitchell da abokan aikinsa George Morehouse da William Keen suka tattara abin da suka gani, suka buga a 1864. Ga soja, raminsa na harsashi ya rufe sarai, amma tafin hannunsa na ƙuna kamar an ɗora garwashi. Hucin iska, ko ƙarar takardar jarida, ko takun wani a ɗaki, ya isa ya tayar masa da zogi. Waɗansu kan yini da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, waɗansu ma har ruwa suke zubawa cikin takalmansu. Mitchell ya kira ciwon kosaljiya, daga kalmomin Girkanci masu nufin ƙuna da ciwo, a 1871 kuma ya laƙaba wa abin da Paré ya gani sunan gaɓar fatalwa. Babban alherinsa dai shi ne ya gaskata majiyyatansa.

Duk da haka, masu fiɗa sun daɗe suna bin igiyar da wuƙa. A yanke jijiya, a sake guntule dungu daga sama, har a tsaga hanyar ji cikin laka, amma sau da yawa bayan 'yan watanni ciwon ya komo. Wannan ya sa William Livingston, likitan fiɗa Ba'amurke, ya yi zato a 1943 cewa damuwar ta koma cikin laka, inda ƙwayoyin jijiya ke ta zuga junansu ko da asalin raunin ya lafa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin ƙofa, watau laka na iya buɗe wa saƙon ciwo hanya ko ta tsuke ta, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki.

Hujjar gwaji ta zo a 1983 daga Clifford Woolf a Landan. Ya nuna cewa bayan ƙuna a ƙafar ɓera, ƙwayoyin laka kan zama masu saurin firgita, taɓi kaɗan ya tayar da su, abin ya bazu har ɗaya ƙafar da ba a taɓa ba. Ko da aka kashe wurin raunin da allura, saurin firgitar bai gushe ba. Ashe rauni na sāke jijiyoyin da ke ɗauke da labarinsa, kuma sākewar na iya wanzuwa bayansa.

Game da ƙwaƙwalwa kuwa har yanzu da sauran gardama. A 1995 Herta Flor ta Jamus ta ba da rahoton cewa a masu dungun hannu, sashen da ke kula da leɓe kan kutsa gurbin hannun da aka yanke, kuma yawan kutsen na tafiya da tsananin ciwon. A 2013 Tamar Makin da abokan aikinta a Okisfod suka sami akasin haka, cewa masu ciwo mai tsanani su ne gurbin hannun nasu ya fi zama daram. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kundinta na cututtuka na 11 wanda ya fara aiki a 2022, ta ba ciwon da ya wuce wata 3 bayan rauni ko fiɗa lambarsa ta kansa.