Darasin Motsa Jiki da Ƙofar Jami'a: Nazari Daga Kanya Babba

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Babura ta Jigawa, ya san abin da za a nema a hannunsa: kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, sai makin JAMB a darussa huɗu. Da wannan ma'auni Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 take ɗaukar ɗalibai, haka ma Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ba mai tambayar yaro ko ya taɓa gudun mita 100. Shi ya sa da zarar jarrabawa ta matso, lokacin motsa jiki ake fara yankewa.

Sai dai ba kowace ƙofa takarda kaɗai ke buɗewa ba. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil suna gwada lafiya da ƙarfin jiki, kuma mai maki da yawa kan faɗi a nan. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan da ke ba da digiri a fannin ilimin motsa jiki.

Wasu na kira da a kwaikwayi Amurka, inda ƙwarewa a wasa kan samar wa ɗalibi gurbi, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. Ban goyi bayan wannan ba. Fili mai kyau da koci suna makarantun kuɗi na birni. Idan wasa ya zama maki, 'yan karkara irin ɗan Roni da ɗan Gwiwa ne za su cutu, kuma an buɗe wa alfarma sabuwar hanya.

Hujjar darasin tana wani wuri. A 1978, shekarar da aka kafa JAMB, UNESCO ta ayyana ilimin motsa jiki a matsayin haƙƙin kowa, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 kullum ga masu shekara 5 zuwa 17. Akan ce ai ɗan ƙauye yana noma. Gaskiya ne, amma noma na damina ne, kuma ba ya koyar da taimakon gaggawa ko sanin yadda jiki ke aiki. 'Yan mata kuwa, da sun fara girma sai a raba su da gaɗa, ba a ba su komai a madadinta ba, kuma wannan ya fi damuna.

Langa da kokawa da tsere ba sa cin kuɗi. Abin da ya rage wa Ma'aikatar Ilimi ta Jigawa shi ne ta tura ƙwararrun malamai, ciki har da mata, ta kuma hana a mayar da lokacin darasin na bitar jarrabawa.