Baƙi Bakwai da Faifai Ɗaya: Osibisa ta 1971 a Kunnen Ɗan Zango

Masu tarihin kiɗan rok kan fara lissafi ne da faifan farko na Led Zeppelin na 1969 da na Black Sabbath na 1970, inda jita mai ruri ke jan ragama, ganga kuwa tana biye. Wannan maƙala tana da'awar cewa faifan farko na Osibisa, wanda kamfanin MCA ya fitar a 1971, ya cancanci zama cikin wannan sahu, domin shi ne ya juya tsarin ya ɗora ganga a gaba. Tana kuma ganin cewa mutumin unguwannin Zango na Gana irin su Nima da Maamobi yana da dalilinsa na musamman na sauraron faifan.

An kafa ƙungiyar a Landan a 1969. Uku daga cikin mutanenta 'yan Gana ne da suka goge a kiɗan hailaif: Teddy Osei mai busa saksafon da sarewa, ɗan'uwansa Mac Tontoh mai busa ƙaho, da Sol Amarfio makaɗin ganguna. Lasisi Amao ɗan Najeriya ne. Sauran ukun daga tsibiran Karebiyan suke: Wendell Richardson mai jita daga Antigua, Spartacus R daga Grenada, da Robert Bailey daga Trinidad. Tony Visconti, wanda ya yi aiki da David Bowie, shi ya tsara ɗaukar sautin, faifan kuma ya kai na 11 a jerin kasuwar Birtaniya.

Hujjar tana cikin sautin. A "Music for Gong Gong" ƙahoni ne ke riƙe da karin, sai can su ja baya su bar wa ganguna fili suna amsa wa juna. A "Ayiko Bia" jitar Richardson tana da kaifi irin na rok sosai, amma jira take a ba ta dama, tana shiga tsakanin bayarwa da amshi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin biki a Zango ya ga yadda mai kalangu ke juya taro, ba zai ji wannan tsari baƙo ba.

Akwai masu cewa wannan ba rok ba ne, hailaif ne aka yi wa ado don kasuwar Turawa, suna nuni da giwaye masu fukafukai da Roger Dean ya zana a bangon faifan. Zancen bango yana da ƙanshin gaskiya. Sai dai da neman yardar kasuwa kaɗai ake yi, da jita aka miƙa wa shugabanci, tun da ita ke ci a lokacin.

Saura batun Zango. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, unguwannin Zango kuwa suka sha wuyar dokar, gidaje suka watse, shaguna suka rufe. A shekarar ce 'yan Gana uku, su ma baƙi a ƙasar wasu, suka haɗa kai da ɗan Najeriya da 'yan Karebiyan, daga baya suka ɗaga sunan Gana a duniya. Don haka ya kamata manazarta tarihin Zango su riƙa karanta dokar 1969 da faifan 1971 tare, domin su biyun suna nuna abin da ƙasa ke samu ko ta rasa gwargwadon yadda ta riƙi baƙo.