Tubalan da Rumford Ya Jera

A tsofaffin gidajen Ingila akwai wani aiki da masu gida ke farawa da ɗoki su ƙare da tagumi, wato buɗe murhun da aka daɗe da toshewa. Ba murhun duwatsu uku ake nufi ba. Gurbi ne da aka gina cikin bangon ɗaki, ana hura wuta a ciki don jin ɗumi, hayaƙi kuwa ya bi dogon bututun tubali ya fita ta saman rufi. Mai gida zai ɓamɓare allon da ya rufe bakin, sai ya tarar da ƙaramin murhun ƙarfe. Ya cire wannan, ya ga tubala an jera su a karkace. In ya ci gaba da fasawa, can baya zai iske wawakeken baki wanda mutum zai iya shiga ya zauna, da gungumen katako gicciye a samansa, ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Murhu uku ke nan, ɗaya cikin ɗaya. To, wanne zai gyara?

Da yawa sukan ce na can baya, don shi ne na asali. Ni dai ina ganin kafin a ɗaga guduma ya kamata a tambayi dalilin da ya sa mutanen da suka gaji wannan katon baki suka yi ta tsuke shi.

An gina shi ne a zamanin da itace ke da araha, ana dafa abinci a cikinsa, ana shanya nama a hayaƙinsa. Sai dai yawancin zafin sama yake tafiya, hayaƙi kuma ya dawo ɗaki ya cika ido. Hukuma ma ta sa masa ido: a 1662, zamanin Sarki Charles na Biyu, aka ɗora harajin sule biyu a shekara kan kowane murhu, masu karɓa suna shiga gidaje suna ƙirga. Wasu suka toshe nasu don gudun biya, har aka soke harajin a 1689.

Wanda ya sauya fasalin murhun shi ne Benjamin Thompson, haifaffen Woburn ta Massachusetts a 1753. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke ya bi bayan Ingila, ya gudu Landan, daga baya ya yi wa mai mulkin Bavaria aiki har aka naɗa shi sarautar da ta ba shi sunan Rumford. A 1796 ya buga maƙalarsa kan murahu, bayan ya shiga gidajen manyan Landan yana gyara waɗanda hayaƙi ya hana a zauna kusa da su.

Abin da ya fahimta mai sauƙin faɗi ne. Wuta tana ɗumama ɗaki da zafin da take haskowa, kamar yadda rana ke yi, don haka rami mai zurfi ɓoye zafin yake yi. Sai ya ce a matso da bangon baya gaba, a rage faɗinsa zuwa kimanin kashi ɗaya bisa uku na faɗin baki, a karkata bangayen gefe yadda za su mayar da zafi cikin ɗaki. Mashigar hayaƙi, wadda ya kira maƙogwaro, a tsuke ta zuwa inci huɗu kacal, domin iska mai ratsa ƙuntataccen wuri da ƙarfi take wucewa, ta janye hayaƙin tare da ita. Ba a rushe komai. Magini ɗaya da 'yan tubala sun isa, shi ya sa gyaran ya bazu kamar wutar daji, har Thomas Jefferson ya yi irinsa a gidansa na Monticello.

Tun a lokacin akwai masu jin an yi musu ɓarna. A littafin Jane Austen mai suna Northanger Abbey, budurwar labarin ta shiga tsohon gida tana sa ran ganin katon murhun mutanen da, sai ta tarar an tsuke shi ya koma na Rumford, gwiwarta ta yi sanyi. Austen dariya take yi mata, amma mai gudumar yau ɗan'uwan wannan budurwa ne: tsufa yake nema, ya manta cewa tubalan da yake shirin zubarwa sun haura shekara 200.

Sauran labarin gajere ne. Kwal ya maye gurbin itace, murhu ya ƙara ƙanƙancewa ya zama na ƙarfe. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta ba hukumomi ikon hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni, gas da lantarki suka shigo, aka buga allo a bakin murhu.

Saboda haka wanda ya kwashe tubalan Rumford yau yakan dawo da cutar da aka yi wa magani tun 1796. Bakin ya fi ƙarfin bututun, hayaƙi ya dawo ɗaki, a ƙarshe sai a girka rufaffen murhun ƙarfe a tsakiyar ramin, a zura masa bututun ƙarfe ta cikin tsohon. Wanda ya bar tubalan kuwa aikinsa share sheƙar tsuntsaye ne, da like tsagar da iska mai guba za ta iya bi ta shiga ɗakunan sama, da gwada bututun da hayaƙi kafin a kunna wuta.

Akwai abu ɗaya da mai gyara zai iya cin karo da shi in ya leƙa saman bangon baya. Inci huɗu bai isa mutum ya wuce ba, alhali a zamanin Rumford ƙananan yara ake turawa cikin bututu su kankare kunkunniya. Don haka ya ba da shawarar a bar wata kafa a wurin, a rufe ta da dutse ko tubalan da ba a ɗame ba, a riƙa cirewa in yaro zai hau. Sai a 1875, bayan wani yaro ya maƙale a bututu a Fulbourn ya rasu, Lord Shaftesbury ya samu dokar da ta kawo ƙarshen sana'ar. Faɗin wannan kafa daidai kafaɗun yaro aka auna shi.