Ƙuduri na 1325: Daga Windhoek Zuwa Doha

A ranar 31 ga Oktoba 2000, lokacin da Namibiya ke shugabantar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 15 suka amince baki ɗaya da ƙuduri mai lamba 1325. Ƙudurin ya ce a zauna da mata a teburin sulhu, a kare su daga fyaɗe a lokacin yaƙi, a kuma ji ta bakinsu idan za a sake gina ƙasa. A Windhoek, babban birnin Namibiya, aka share masa fage, a wani taro na watan Mayun shekarar.

Matan Laberiya ne suka nuna wa duniya amfaninsa. A 2003, Musulmi da Kirista, sanye da fararen kaya, suka bi masu tattaunawar sulhun ƙasarsu har Akara. Da suka ga shugabannin 'yan tawaye da wakilan gwamnati na jan ƙafa alhali ana kashe mutane a Monrobiya, sai Leymah Gbowee ta jagorance su suka zauna a bakin ƙofar zauren, suka hana kowa fita. A watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu. Duk wanda ke cewa maganar mata da sulhu kayan aro ne daga Turai, ya tuna da wannan ƙofa.

Gwamnatoci suka rungumi abin. Najeriya ta fitar da shirinta na aiwatarwa a 2013. Suwidin, a 2014, ƙarƙashin ministar harkokin waje Margot Wallström, ta gina manufofinta na ƙetare a kan daidaiton maza da mata. Amurka ta mayar da manufar ƙudurin doka a 2017, da sa hannun Donald Trump.

Sai aka fara janye jiki. A Oktoban 2022 sabuwar gwamnatin Suwidin ta jingine waccan manufa. A Afrilun 2025 sakataren tsaron Amurka, Pete Hegseth, ya ce zai rufe shirin a ma'aikatarsa, ba zai yi komai ba sai abin da doka ta tilasta.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a Doha, a ƙarshen Yunin 2024. Majalisar da ta haifi ƙudurin ta kira taro kan Afganistan, 'yan Taliban suka halarta, ba a bar matan Afganistan sun shiga zauren ba. Sai da aka tashi, aka gana da wasunsu daban.